Fitilar falo ta shiga tsakanina da maigida da mahaifiyarsa

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema akan wani abu da in na faɗawa mutane dariya suke min, amma ni wallahi yana cina a rai. Shekararmu shida da aure, yaranmu biyu, a gidan haya muke. Wata biyar kenan da mahaifiyar maigidana ta dawo wajenmu da zama saboda jikin girma, kuma ni bani da matsala da ita ko kaɗan, mace ce mai kawaici. Idonta ne ya fara rauni, shine maigidan ya cire ƙwan fitilar falo yasa wani ƙato fari fat a tsakiyar silin, in aka kunna sai kiga falon kamar wajen jiran likita. Ni kuma da ma falon nan shine wajen hutuna da daddare, yanzu in na zauna minti ashirin kaina ya fara sarawa, komai na falon ya koma wani iri, har labulen da nake so ya daina min kyau. Ranar nan da baya nan na canza ƙwan nasa mai ruwan ɗorawa mara ƙarfi, falon yayi kyau har naji daɗi, amma da daddare Mama ta tashi zata ɗakinta sai tayi tuntuɓe da gefen tebur, Allah ya kiyaye bata faɗi ba amma ta bugu a ƙauri. Da ya dawo ransa ya ɓaci sosai, yace kwalliyar falo ta fiye min lafiyar uwarsa, ya maida farin ƙwan. Tun ranar ina gama aikina nake shigewa ɗaki, yara su biyo ni, a bar Mama ita kaɗai da tibi. Yanzu gani yake gudunta nake. Jiya ita ma tace min, 'yar nan ko na takura miki ne, sai da na shiga ɗaki nayi kuka. Ya zanyi in samu falon da zan iya zama a ciki ba tare da na cutar da ita ba? A ɓoye sunana.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni dai banyi dariya ba, kuma ki daina jin kunyar maganar nan, dan wajen da mutum yake sauke gajiya bayan ya wuni yana hidimar gida da yara abu ne mai girma a rayuwarsa, in aka ɗauke masa shi dole yaji a jikinsa. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma tambayar nan ta Mama ita ta fi tsaya min a wuya, domin dattijuwa mai kawaici bata furta irin wannan sai ta daɗe tana juya shi a ranta, ƙila ma tayi kwanaki tana ƙirga daren da kika bar ta ita kaɗai. Zamu dawo kanta. Amma tun yanzu ki kwantar da hankalinki, matsalarku tana da magani, kuma maganin baya buƙatar ke ki haƙura da ciwon kai ko ita ta haƙura da duhu. Ƙwai ɗaya kuka ɗorawa aikin fitila huɗu, shi yasa duk wanda ya gyara shi yadda yake so sai ya ɓata wa ɗayan.

Bari in fara da ke tunda ke kika kawo maganar, kuma nasan zaki ɗauka da zuciya ɗaya. Kinyi kuskure guda biyu ranar da kika canza ƙwan nan. Na farko kinyi shi baya nan ba tare da kin faɗa masa ba, alhali kinsan dalilin da yasa ya saka shi, to duk abun da ya biyo baya dole ya zo a kanki. Na biyu kin rage hasken da shi kaɗai ne a falon, baki tanadarwa Mama wani a madadinsa ba. Nasan baki yi da mugun nufi ba, wanda yake da mugun nufi baya kuka dan an tambaye shi ko an takura masa. Sai dai shigewa ɗakin da kike yi yanzu ya fi canza ƙwan illa, saboda ke kinsan fitila kike gudu, su kuma abun da idonsu yake nuna musu shine kina tashi da zarar Mama ta zauna, har da yaran a bayanki. Babu wanda zai fassara wannan da ƙwan lantarki.

Shi kuma maigidan, maganar da ya faɗa miki tayi zafi kuma bata dace ba, matar da ta karɓi uwarka hannu biyu wata biyar bata cancanci a ce mata haka ba. Amma kiyi tunanin abun da ya gani a ransa lokacin da aka ce masa Mama tayi tuntuɓe. Faɗuwa ga tsoho ba irin faɗuwarki bace, ƙashi yayi rauni, karayar ƙugu kan kwantar da dattijo watanni, wani ma baya komawa tafiya yadda yake yi da. Tsoro ne ya fito ta bakinsa a matsayin faɗa. Kuma a batun ƙarin haske yana da gaskiya ɗari bisa ɗari, domin in mutum ya manyanta ƙofar da haske yake shiga ido tana ƙanƙancewa, madubin cikin idon kuma yana kauri yana yin rawaya, har ta kai hasken da yake isa can ƙarshen idon ɗan shekara 60 bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wanda yake isa na ɗan shekara 20 ba. Wato falon da ke kike ganinsa da sanyin haske mai daɗi, ita a wajenta magariba ce ta rufa. Sannan idon tsoho yana jimawa kafin ya saba in ya fito daga haske ya shiga duhu, ke cikin ɗan lokaci kin fara ganin gabanki, ita har ta kai ga teburin bata fara gani ba.

Inda ya kuskure shine yadda ya kawo hasken. Idon da ya tsufa yana buƙatar haske da yawa amma kuma shi yafi kowanne tsanar haske mai kashe ido, saboda madubin da ya fara dusashewa watsa hasken yake a cikin idon kamar yadda gilashin mota mai ƙura yake yi in fitilar wata motar ta haske shi. Ƙato ƙwai tsirara a tsakiyar silin shine ainihin irin wannan. Shi yasa nake zargin Mama ma ba daɗinsa take ji ba, kawaici ne yasa tayi shiru tunda ɗanta ne ya saka dan ita. Ki lura da ita yau da daddare. Tana ƙanƙance ido in ta ɗago kai? Tana sa tafin hannu a goshi in zata kalli tibi? In ta ɗauko takarda ko kwalin maganinta, tana karkata shi gefe tana neman inda zai daina sheƙi, ko tana sunkuyawa inuwar kanta ta rufe rubutun sai ta sake matsawa? In kinga ko ɗaya daga cikin waɗannan to ke da ita matsalarku ɗaya, kuma wannan zai sauƙaƙa miki magana da maigidan fiye da duk wata hujja da zan baki.

Toh yanzu me yasa falon ya koma kamar asibiti. Abu na farko launin hasken. Ki ɗauko kwalin ƙwan nan in yana nan, ko ki duba gindin ƙwan bayan an kashe ya huce, zaki ga lamba da harafin K a gabanta, ina kyautata zaton 6500K zaki gani ko kusa da haka. Wannan ma'aunin Kelvin ne, kuma yana da ɗan rikitarwa dan lamba in tayi sama hasken fari yake komawa har ya ɗauko shuɗi, in tayi ƙasa sai ya koma rawaya. Harshen kyandir yana wajen 1900K, tsohon ƙwan nan mai zare a ciki da muka taso dashi yana wajen 2700K, 4000K fari ne tsaka-tsaki, 6500K kuma launin hasken rana ne da tsakar rana in gari yayi gajimare. Kinga kenan ƙarfe tara na dare jikinki ya gaji yana neman ya lafa, silin kuma yana ce masa azahar ce. Falon da ake so a huta a cikinsa tsakanin 2700K da 3000K ake nema masa, kuma ni a gidanku 3000K zan zaɓa, dan yana da ɗumin da kike so amma bai yi rawayar da zata dame wa Mama launuka ba.

Abu na biyu da mutane suke haɗawa da na farko su rikice shine yawan hasken. Launi daban, ƙarfi daban. Ƙarfin haske da lumen ake auna shi, a kwali zaki ga an rubuta lm, shi kuma wat wutar da ƙwan yake ci ne kawai. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana bada kusan lumen 800, ƙwan LED kuwa, wato irin na zamani mara cin wuta sosai, da wat 8 zuwa 10 yake bada wannan hasken, mai lumen 450 shine madadin tsohon wat 40, mai 1600 madadin wat 100. Na kawo wannan ne dan inaga ranar nan abu biyu kika taɓa lokaci ɗaya baki sani ba, kin sauke launin kin kuma sauke ƙarfin. Da kin sa mai ruwan ɗorawa amma mai lumen ɗaya da wanda kika cire, da wataƙila Mama bata bugu ba. Maigidan ma nasan a ransa yanzu rawaya tana nufin duhu, fari yana nufin haske, kuma ba haka bane, sai kin nuna masa lambobin biyu a kwali gefe da gefe zai yarda.

Na ukun shi yafi duka, kuma shine wanda ba a cika kula dashi ba, wato daga ina hasken yake zuwa. Ki tsaya daidai ƙarƙashin ƙwan nan da madubi a hannunki ki kalli fuskarki. Ramin idonki zai yi baƙi, inuwa zata kwanta ƙasan hanci da ƙasan leɓe, duk wani layi na gajiya zai fito raɗau, kiyi kama da wadda ta kwana uku bata yi barci ba. Haka kowa yake ganin kowa a falonku kullum da daddare, har da ranar da kuka yi faɗan. Sai ki koma kusa da taga da yamma lis inda haske yake shigowa ta gefe ki sake kallon madubin, zaki ga fuskar ta cika tayi laushi. Hasken da yake zuwa daga gefe, daga ƙasa-ƙasa, daga wurare biyu uku, yana barin wani lungu da haske wani da 'yar inuwa, shi yake sa ɗaki ya rungumi mutum. Wanda yake zubowa daga sama ya wanke ko'ina daidai wa daida an yi shi ne dan wajen aiki, inda ake so a ga ƙura da allura. Wani masanin tsara haske ɗan Amurka, Richard Kelly, tun 1952 ya kasa hasken ɗaki gida uku, akwai na gama-gari mai taushi da yake cika ɗakin, akwai wanda ake haskawa daidai kan abun da ake so a gani, akwai kuma 'yan ƙananan na ƙawa masu ɗaukar ido, kuma har yau akan wannan rabon masu sana'ar suke tafiya. Ku a falonku guda ɗaya ne, shima ba mai taushin ba.

Ga yadda nake so kiyi, kuma ki kula da jerin dan yana da muhimmanci. Fitilar Mama zaki fara nema kafin taki. Ki samo fitilar tsaye mai wuya da ake lanƙwasawa, ko ta kan tebur mai irin wannan wuyan, mai gindi mai nauyi da yara ba zasu ture cikin sauƙi ba, ki ajiye ta daidai kujerar da Mama ta saba zama, ta ɗan bayan kafaɗarta ta gefe, yadda hasken zai sauka kan cinyarta da hannunta ba cikin idonta ba. In da dama take rubutu ko ɗinki ki sa ta ta hagu dan kar inuwar hannun ta rufe aikin. Ƙwai mai lumen 800 ya isa, launinsa 3000K zuwa 4000K, ki bari ita ta zaɓa wanda rubutu yafi fito mata. In kin samu wanda aka rubuta CRI ko Ra 90 a kwalinsa ki ɗauke shi, wannan lambar tana nuna yadda ƙwan yake fito da launin abu na gaskiya, ƙarshenta 100, kuma ga wadda take bambance ƙwayar magani fara da mai ruwan madara wannan ba ado bane. Sirrin fitilar nan kusanci ne. Haske yana raguwa da sauri in yayi nisa, in kika ninka tazarar sau biyu kashi ɗaya cikin huɗu ne yake saura, dan haka ƙaramin ƙwai da yake kamu uku daga takardarta zai iya bata hasken da ƙaton silin ɗin can daga nesa bai bata ba. Ki tabbatar makunnin yana inda hannunta zai kai tana zaune, babba wanda yatsa zai lalubo, ba ɗan mitsitsi a jikin waya a ƙasa ba.

Na taɓa yi wa mahaifiyata irin wannan bayan ta daina zura zare a allura da kanta, kullum sai ta kira jika. Daren da aka kunna mata fitilar sai naga ta ɗaga allurar cikin hasken, ta ɗan juya ta har ramin ya fito, ta lashi bakin zaren ta zura a karo na biyu, bata ce komai ba amma ta daɗe tana shafa ɗinkin da babban yatsa. Daga ranar kujerar nan ta zama tata, kowa kuma ya dawo zama kusa da ita.

Bayan fitilarta sai hanyarta. Ki bi sawunta daga kujera zuwa ƙofar ɗakinta zuwa banɗaki, kiyi tafiyar da kanki da daddare kina kallon ƙasa. Teburin da ya buge ta ya tashi daga hanyar nan gaba ɗaya, wannan ko da fitila ko babu. Bakin kafet da ya naɗe, takalman yara, kayan wasa, duk a kawar. Akwai 'yan ƙananan fitilun dare da ake cusawa a soket, wasu masu batir da ake mannawa a bango, wasu ma da kansu suke kamawa in sunji motsi, ki sa biyu ko uku a ƙasa-ƙasa wajen tsayin gwiwa su haska daɓen. Kuma tunda fitilu zasu ƙaru wayoyi ma zasu ƙaru, dan Allah kar waya ko ɗaya ta ratsa hanya, ki bi da su jikin bango ta bayan kujeru a ɗaure, kar a tura su ƙarƙashin kafet, kar kuma a tara komai kan ekstenshan ɗaya.

Sai a zo kan naki. Fitila biyu sun isa a fara, kowacce lumen 450 zuwa 800, duk launi ɗaya, dan in kika haɗa fari a nan rawaya a can ɗakin hargitsewa yake. Ɗaya a lungun da yafi duhu tana haska bango ko ta jefa haskenta sama ya bugi silin ya dawo a tausashe, ɗaya a kan ƙaramin tebur can ɗaya ɓangaren yadda zasu yi kusurwa uku da ta Mama. Bango mai farin fenti ko mai haske yana maido da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, dan haka shi kansa bangon fitila yake zama, babba mai faɗi mara kashe ido, kuma hakan yana taimakon Mama dan gefen ƙofa da bakin kujera sun fi fitowa in bango yana da haske. In fentinku mai duhu ne sai ki ƙara ƙarfin ƙwan. Ƙa'idar da bana so ki karya ita ce kar ido ya ga ƙwan kansa daga ko wace kujera, ki zauna a kowacce ki duba, bakin murfin fitilar na ƙasa ya zo daidai idon wanda yake zaune. Murfi na yadi fari ko mai ruwan ƙasa mai haske yafi, dan yana barin haske ya ratsa ta jikinsa. Kar ki yafa gyale ko takarda kan ƙwai dan ki rage shi, ko LED ne gindinsa yana zafi. Tibi kuma, tunda Mama tana kallo, ki duba kar wata fitila ta fito a gilashinsa, in da hali ki sa ɗan siririn haske a bayansa yana haska bango, ido yafi hutawa in ba baƙin duhu ne ya kewaye allon ba.

Ƙwan silin ɗin kar ki nemi a cire shi, wannan yaƙin ba naki bane kuma baki buƙatar cinsa. Yana da ranarsa, lokacin shara, lokacin da abu ya faɗi ana nema, lokacin da yara suke aikin makaranta ko baƙi sun cika falo. Abun da zaki nema a sa masa murfi mai kama da madara da zai ɓoye ƙwan ya baza hasken, in ya yarda kuma a canza shi da mai ƙarfi iri ɗaya amma 3000K. Akwai kuma makunnin rage haske da ake ce wa dima, yana da kyau sosai amma sai da sharaɗi biyu, mai gyaran wuta ne zai saka ba ku ba, kuma ƙwan ya zama wanda aka rubuta yana aiki da dima, in ba haka ba zai dinga ƙyaftawa yana ƙara. Tunda gidan haya ne ƙila ma yafi sauƙi ku nemi ƙwan da ake canza masa launi da ƙarfi da rimot, ana ɗaura shi kamar kowanne ƙwai, ranar tashi ku kwance abunku.

Ciwon kan da kike ji ban ɗauke shi wasa ba. Haske mai kashe ido yana iya jawo shi, haka ma ƙwan da yake ƙyaftawa da saurin da ido baya kamawa, wasu ƙwayayen LED marasa inganci suna yin haka. Ki ɗauki bidiyon ƙwan da wayarki a yanayin nan mai rage gudu, in kinga layuka suna wucewa ko hasken yana rawa to akwai alamar hakan. In an gyara fitilun ciwon bai daina ba, ke ma a duba idonki. Sannan ga hujjar da ta shafi yaranku, a cikin ido akwai wasu ƙwayoyin halitta da suka fi jin haske mai shuɗi-shuɗi, su suke faɗawa ƙwaƙwalwa ko dare ne ko rana, kuma haske mai ƙarfi da daddare yana jinkirta fitowar sinadarin melatonin mai kawo barci. In kin lura yaran sun fi wahalar kwanciya a 'yan watannin nan, ki sa wannan cikin lissafi.

Maganar da zakiyi da maigidan kuwa kar ki fara ta da falo ko kyau ko ciwon kanki, in kika fara ta nan kunnensa zai toshe dan zai ji kin dawo da tsohon zance. Ki samu lokacin da yake cikin natsuwa ku biyu, ki ce masa, Abban yara nayi kuskure da na canza ƙwan nan ban faɗa maka ba, kuma har yanzu in na tuna Mama ta bugu raina baya min daɗi. Ki tsaya nan ki bari ya ji. Sannan ki faɗa masa abun da kika lura, cewa Mama tana kare idonta da hannu, tana wahalar karanta kwalin magani duk da hasken nan, kina so ku samo mata fitilarta ta kanta ku gyara mata hanya, ki roƙe shi ku zaɓo tare. In wannan ya zauna sai ki faɗa masa naki a fili ba da kuka ko gori ba, cewa maganar da ya faɗa ranar ta miki ciwo, kuma shigarki ɗaki hasken kike gudu ba mahaifiyarsa ba. Kina da haƙƙin ya san wannan, kar neman sulhu yasa ki haɗiye shi, abun da aka haɗiye yana dawowa ta wata hanyar. Daga nan ki nemi gwaji na sati ɗaya kawai, a kunna sabbin fitilun a kashe na sama bayan yara sun gama karatu, Mama ce alƙali, in tace bata gani a maida na sama babu musu.

In ya ƙi sam, kar ki ja. Ki sa wa Mama fitilarta da na hanya duk da haka, dan babu ɗan da zai hana a ƙarawa uwarsa haske, ke kuma ki matsar da kujerarki inda ƙwan saman zai zama a bayanki ba a gabanki ba, ki kunna taki fitilar a gefe, ko da na sama yana kunne zata rage kaifin inuwar. Sau da yawa dattijuwar da kanta ce zata ce a kashe mata wancan yana damunta, kuma daga bakinta ba zai musa ba. In kuma hali bai kai a sayi duka lokaci ɗaya ba, a bi jerin nan, ta Mama, ta hanya, sannan ɗaya taki, sauran su biyo baya a hankali.

Akwai abu ɗaya da fitila ba zata yi ba. Baki faɗa min ko likitan ido ya ga Mama ba. Rashin jure haske mai ƙarfi, gani dishi-dishi, da wahalar gani da daddare suna cikin alamomin yanar ido, kuma yana abu ce da ake cirewa da aiki gani ya dawo. Akwai kuma hawan jinin ido da yake cin ganin gefe a ɓoye, mutum ya dinga karo da abun da yake gefensa bai gani ba, shi kuma abun da ya ci baya dawowa, sai dai a tare sauran in an gano da wuri. Ban ce tana da ɗaya daga ciki ba, amma wadda tayi karo da gefen tebur ya kamata a auna ta, kuma ki zama ke kika fara kawo shawarar, ki ce zaki raka ta.

Yau dai, kafin a sayi komai, kar ki shiga ɗaki. Ki jawo kujerarki kusa da tata, ki juya wa ƙwan baya, ki kira yaran su zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ki amsa mata tambayar da tayi miki jiya, ki ce Mama wallahi baki takura min ba, hasken nan ne yake sa min ciwon kai na rasa yadda zan faɗa. Sai ki tambaye ta ita ya take jinsa a idonta, kuma ki bata lokaci, dan da farko cewa zata yi babu komai.